Jatau da damisar da ta ci akuyar Barira

Kakana Jatau kunne ɗaya da rabi gare shi. Rabin da babu, damisa ta tafi da shi tun ba a haifi uwata ba. Idan ka zo ƙauyenmu, kusa da Attantane, ka ce gidan mai damisa kake nema, ko makaho zai kai ka.

Ni ban daɗe ina karatun boko a lakwal ba, amma labarin damisa na fi mushe, malamin lakwal ɗinmu, saninshi, don tun ina ƙarama ake cusa mini shi. Jatau maharbi ne, ɗan maharbi. Yana saurayi ya bi manya suka yi kudu, can inda akwai duwatsu da kurmi. Nan ya leƙa wani kogo, ashe uwa ce ta ɓoye 'ya'yanta. Bai ko ɗaga baka ba ta taso mashi. Da aka kawo shi gida, kakata ta ce kanshi kamar kabewar da jaki ya taka.

Ya warke, ya yi noma, ya aurar da ɗiya, kakata ta rasu. Daji ma ya ƙare, ko'ina gona. Maharbin da ya yi ido huɗu da damisa ya koma farautar zomo da zabo, shi da karenshi Ƙyalesu, wani ja mai dogon baki. A kwano ɗaya ne kawai ba su ci. Idan na kai mashi tuwo, sai ya fara gutsura wa karen.

"Tsoho, ni na tuƙa, kare ya riga ka ci?"

"Amarya, shi yana raka ni daji. Ke ina kike raka ni?"

Da yamma ya kan zauna bakin zaure yana ba da labari, ko da mai ji ko babu. Wai damisa ba ta tafiya da kowa, ita kaɗai take yawonta. Wai tana hawa itace da barewa a baki. Wai kukanta kamar ana yanka katako da zarto. Samari na kallon portabul ɗinsu, wato wayar hannu, shi yana ta zuba.

Bara, bayan girbi, aka wayi gari akuyar Barira maƙwabciyarmu a mace bayan gari, ciki a farke. Ba a jima ba ɗan tunkiyar wani ya bi. Wata mata ta ce ta ga abu mai dabbare-dabbare wajen rijiya. Shi ke nan, damisa ta dawo! Labari ya kai har kasuwar Tasawa. Mata muka daina zuwa itace sai a taro.

A garinmu kuwa, karen da ya ɗanɗana jinin dabbar gida ba a barinshi. Mai shi ne zai kai shi bayan gari da hannunshi, ya dawo shi kaɗai. Ba a roƙo, ba a jinkiri.

Ranar da aka kashe ta uku, da safe na shiga wajen tsoho ɗaukar kwano. Na iske shi tsugune da buta, yana wanke wa Ƙyalesu baki. Ruwan da ke zuba ja ne, ga farin gashin akuya a ƙirjin karen. Ya dube ni, na dube shi. Na ɗauki kwanona na fita.

Can sai ga saƙon maigari Salifu, a zo da Jatau ya duba sawu. Duk gari muka bi shi. Rabon da a yi mashi irin wannan rakiya, ina jin tun ranar da aka kawo shi da rabin kunne. Ya duƙa kan yashi ya daɗe. Ni ma na leƙa. Ga farata nan raɗau a sawun. Shi ne da bakinshi ya sha gaya mini damisa na ɓoye farcenta in tana tafiya, kuma a maƙogwaro take kamu, ba ta fara da ciki.

Maigari ya ce, "Baba Jatau, ita ce?"

Tsoho ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Ranka ya daɗe, ni dai abin da na sani, damisa ba ta da naman da take so kamar kare. In ta shigo gari, shi take fara nema. Kowa ya ɗaure karenshi cikin gida, dare da rana. In ba ta ji warinsu a waje ba, ba ta da abin tsayawa."

Barira ta ce, "To mu masu awaki fa? Kare kake ji, ba akuyata ba?"

"Ke dai ki bari a ɗaure, ki gani."

Aka ɗaure. Wani ma da igiyar guga ya ɗaure nashi. Gari ya cika da haushi, ba mai iya barcin rana. Amma ko kaza ba a sake kashewa ba. Samari suka fara zuwa zaure suna cewa Baba a ba mu labarin kogon nan. Har hoto suka yi ta ɗaukar kunnen.

Na same shi shi kaɗai na ce, "Tsoho, wallahi kai ɗan duniya ne."

"Mi na faɗa da ba gaskiya ba?"

"Akuyar Barira fa?"

Ya juya ya hau shafa kan Ƙyalesu. Amma da akuyarshi ta haihu, ta yaye, ya sa aka ja ɗiyar macen aka kai wa Barira, wai sadaka ce don kakata. Barira ta karɓa tana ta sa albarka.

Da sanyi ya wuce kowa ya saki karenshi. Jatau bai saki ba. Ya ma sa aka sayo mashi sarƙa a Mayahi, don Ƙyalesu ya iya cinye igiya. Idan aka ce, Baba ai damisa ta tafi, sai ya ce shi ya san halinta, ba su ba.

Farauta kuwa ta ƙare, don ba ya fita ba kare. Baka da kwari suna rataye, gizo-gizo ya yi gida a kai. Ƙyalesu ya yi ƙiba, ya daina ko haushi. Yanzu haka suna ƙarƙashin bedin tsakar gida, tsoho kan tabarma yana cire mashi kaska, karen ya ɗora haɓa kan ƙafarshi, sarƙar ɗaure a gindin itacen.