Famfon da Ya Hana Mu Zuwa Khaibar

Tun safe 'yata ke maimaita wata kalma, shiyan-jang, shiyan-jang, har kaina ya fara sarawa. Sinanci take koyo. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ya'ni, ya Baba, mulkin da shi mai mulkin ma doka ke bisa kansa. Rubuta dokar daban, bin ta daban."

Ni za a gaya wa? A gidan kakanmu a Aƙiƙ, can ƙasa mai tsarki, na sha wannan karatun, kuma har yau haushinsa bai sake ni ba.

A wancan lokacin, a tankar mota ake kawo mana ruwa. Kakanmu ya kafa doka: duk wanda ya bar famfo a buɗe, ba shi ba zuwa Khaibar tsinkar dabino a gonar da kawunmu ke aiki. Mu yara, shekara guda muke mafarkin tafiyar nan: bayan a-kori-kura, iska mai zafi, ɗanyen dabino yana narkewa a baki.

Ana saura kwanaki kaɗan, na manta famfo. Na yi kuka, na yi magiya, tsohon nan ko gezau.

Ranar tafiya muka tashi tsakar gida ya zama tafki, takalma na iyo. Wa ya yi alwala ƙarshe? Kowa ya san kakanmu ne, kowa ya yi gum. Kakarmu ce kaɗai ta fito tana tattare zani.

"Malam, ko ku tafi tare da yaron nan, ko ku zauna tare."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Wane dattijo ne zai hana kansa tafiya a gaban jikoki? Ai yafe mini zai yi. Har na ɗauko hulata.

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wa direba, "Yalla, ku tafi. Mu biyu muna gida."

Haka na wuni ina kwalfe ruwa, shi yana kan tabarma yana yi mini wa'azin adalci. Kafin wata kakar dabino kawunmu ya bar gonar, tafiyar ta mutu ke nan.

Yanzu ruwa na zuwa ta bututu, ba mai kula da famfo. 'Yata ta ce kakan nawa gwarzo ne. Ban musa ba. Amma ita ba a hana ta Khaibar ba, ni kuwa har na yi furfura ban taɓa tsinkar dabino da hannuna ba.