Zanin Mama Saratu a Kan Katin Laftof

Ranar da zanin Mama Saratu ya ƙone mana na'ura ba za ta fita daga kaina ba. Laftof ta mutu. Katin da aka jona mata ya mutu. Yatsuna biyu na hannun dama har yau ba sa lanƙwasawa. Ku da kuka zo shagon nan daga baya kuna yawan tambayata amfanin kejin ƙarfen da ke kan tebur. Ga amfaninsa.

Sunana Dogara. Ban yi boko ba. Aikina a shagon ɗaukar fim na Oga Bitrus a Kafanchan shi ne waya, janareto da dakon kaya. Oga ne mai kyamara, shi ne kuma mai gyaran fim: ya yanke inda bai yi kyau ba, ya sa waƙa, ya sa sunaye. Na zo wurinsa ne bayan an ƙone ƙauyenmu. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba.

Cikin daminar waccan shekara muka ɗauki auren 'yar Baba Yohanna a Fadan Kagoma. Manomin citta ne, dattijon coci. Ya yi jawabi mai tsawo, ya yi rawa har hularsa ta faɗi. Wata bai ƙare ba ya yanke jiki a gona. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Ba a taɓa ɗaukarsa a fim ba sai a wannan auren. Iyalin suka aiko cewa suna so a nuna shi ranar Juma'a a sujadar waƙoƙi ta coci, kafin a binne shi ranar Asabar.

Tsarin shagonmu a lokacin shi ne, idan an kwashe fim daga memorin kyamara zuwa laftof, sai a goge memorin a tafi wani biki da shi. Haka aka yi da wannan. Ke nan muryar Baba Yohanna wuri ɗaya take a duk duniya, cikin tsohuwar laftof ɗin Oga.

Laftof ɗin kuwa ta gaza. Oga ya sayi sabuwar kyamara, fim ɗinta nauyi gare shi. Da ya fara gyara sai hoto ya tsaya cak. Sai ya kira Malam Auwalu, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Auwalu ya zo da wani abu a kwali, ya ce girafik kad ne, katin da ke ɗaukar nauyin hoto a babbar kwamfuta ta tebur. Ya kai tsawon takalmin babban mutum, da fanka a jikinsa.

Ga yadda ya jona shi. Ya kwance cikin laftof, ya cire ɗan katin da ke kamo intanet. A gurbinsa ya soka wata waya mai faɗi kamar ɗamara, ta fito waje zuwa wani ɗan allo. A kan allon ya kafa babban katin. Da yake laftof ba ta da ƙarfin ciyar da shi, ya kawo akwatin wuta na tsohuwar kwamfuta, wanda suke kira fawa fak, ya ajiye a gefe. Daga katin wata waya ta tafi talabijin. Duk a buɗe a kan tebur, kamar hanjin akuya.

Na ce, "Malam, abin nan ba shi da riga?"

Ya ce, "Iska ce rigarsa. Zafi yake yi kamar dutsen guga. Kar a rufe shi, kar a jingina masa komai. Kai kuma Dogara, ka yi nesa da shi da wannan hannun naka na faskare."

Oga ya yi dariya. Aka kunna, hoto ya gudu sumul. Auwalu ya faɗa mana wannan gargaɗin mu biyu, ya tafi. Ba mu faɗa wa kowa ba, don ba mu zaci wani zai shigo ba.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Mama Saratu, matar marigayin, a kan babur. Bai kamata ta fito ba, ana zaman makoki a gidanta. Ta ɗaura zanin zumuntar matan coci, ta yafa wani irinsa, ga kular gwaten acca a hannu.

Oga ya miƙe. "Mama, wa ya bar ki kika fito?"

Ta ce, "Ɗana, gidan ya cika da masu kuka. Kowa yana faɗa mini yadda yake. Ni muryarsa nake so."

Oga ya nuna mata kaɗan. Ba ta yi kuka ba. Ta matso da kujera kawai. Daga nan ya ce zai sa na'ura ta haɗa fim ɗin gaba ɗaya. Wannan shi ne aiki mafi nauyi, ba a taɓa komai sai ya gama. Hoton Baba ya ɓace daga talabijin, fankokin suka tashi da ƙugi.

Ta ce, "Ina ya tafi?"

Oga ya nuna katin. "Yana nan ciki, Mama. Ki ba shi lokaci, zai fito."

Sai aka kira shi daga wurin masu buga takardar tsarin jana'iza, ya fita. Hadari ya haɗu. Ni kuma na zaga baya in rufe janareto da fallen kwanon rufi, don in ya mutu aikin ya lalace. Iska ta yi ƙarfi, dole na tsaya riƙe da kwanon. Na manta gilashi ɗaya na tagar da ke kusa da tebur a fashe yake.

Na daɗe a nan. Sai na ji wari. Roba da tufa suna ci tare. Na san warin nan. Na saki kwanon.

A ƙauyenmu na ga gidaje suna ci da mutane a ciki, ban tsaya ba. Amma abin da na gani a ƙofar shagon nan ya tsayar da ni. Mama ta rufe katin da fawa fak ɗin da babbar leda. Ta ɗora mayafinta a kai, ta cusa bakinsa ta ƙasa ta kowane gefe, yadda ake rufe buhun citta idan ruwa ya taso. Ita kuma ta ja kujera ta ba tagar baya, ruwa yana dukanta, don kar feshi ya kai tebur. Idonta a rufe, tana waƙar coci a hankali. Hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin zanin, ba ta sani ba.

Sai fawa fak ya fashe. Wuta ta tashi.

Ba ta gudu ba. Ta kai hannu biyu za ta rungume katin. Ban taɓa ture tsohuwa ba sai ranar. Na ture ta, na fizge waya daga bango, na damƙi zanin na jefa waje cikin ruwa. Ledar ta narke ta manne a yatsuna. Ban ji zafin ba sai daga baya.

Oga ya dawo a jiƙe. Ya dubi tebur. Ya danna laftof, shiru. Ya sake dannawa. Ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Dogara, memorin."

Na ce, "Ai ka riga ka goge shi."

Auwalu ya zo da aka kira shi. Ya ɗaga katin, leda ta shige cikin fankar ta daskare. Ya ce, "Wa ya rufe shi?"

Oga ya yi sauri ya ce, "Janareto ne ya kawo wuta da yawa."

Mama ba ta dube shi ba. Ni ta duba. "Kai ba ka iya ƙarya ba, na gani a fuskarka. Ni na ƙone shi?"

Na ce, "Ke ce, Mama. Amma an gaya mana kar a rufe, mu ba mu gaya miki ba."

Ta ce, "Shekarun nan duka ban taɓa barin ruwa ya dake shi ina kallo ba."



Auwalu ya ce ba a cikin katin fim yake zama ba, a cikin had dis yake, wato rumbun ajiyar laftof. Ya ce wuta ta bi waya ta kashe laftof, amma bai san ko ta kai rumbun ba. Ya ciro shi, ɗan ƙarami, ya sa a aljihun gaba. Muka bi shi shagonsa, har da Mama, hannuna cikin tsumma. Ya jona shi a tasa kwamfutar, ya ce, "Ban yi alkawari ba. Mama, ki yi taki addu'ar, ni ma ina yin tawa."

Ya buɗe. Gyaran da Oga ya yi ya lalace. Amma ɗanyen fim ɗin yana nan, yadda ya fito daga kyamara.

Babu na'urar sake gyarawa, babu lokaci. Ranar Juma'a Auwalu ya ba mu aron kwamfutarsa, muka nuna shi haka a harabar coci. Oga kunya ta hana shi ɗaga kai, don abubuwan da yake yankewa duk suka fito. Ga Baba yana tambayata, "Kai mai waya, wannan abu ya fara kallona?" Ga shi yana tari. Ga shi ya juya yana cewa, "Saratu, gyara mini hula, yara za su gani." Sai hannunta ya shigo hoton ya gyara.

Wani ya yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Bayan an tashi Oga ya durƙusa gabanta, ya ce in ya sami wata na'ura zai gyara mata shi tsaf. Ta ce, "Kar ka cire ko tari ɗaya."

Oga ya yi watanni yana aiki a kwamfutar aro kafin ya sake tsayawa. Da ya sami wata laftof da wani katin, na je wurin mai walda aka yi kejin nan, iska na shiga, hannu ba ya shiga. Memori kuma ba a gogewa sai fim ya zauna wuri biyu.

Abin da na koya kaɗan ne. Mutanenmu ba sa barin abu mai daraja a buɗe. Talabijin da mayafinsa, rediyo da nasa. Kayan aikinmu kuwa rufi ne ajalinsu. Duk wanda ya shigo, ko ba ya taɓa komai, ku faɗa masa. Kuma ku kula da abin da kuke gaya wa mai makoki, don zai ɗauke shi yadda kuka faɗa.

Mama Saratu tana raye a Fadan Kagoma. Ni ina nan shagon, ga waya ga janareto. Da hagu nake jan igiyarsa yanzu.