Matar Da Ta Ƙi Faɗin Sunan Ɗiyarta

Akwai wata ranar Talata da ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zan manta da ita. Ita ce ranar da na tsaya a ƙofar gidana a Illela, na kafe cewa ba zan ba wata mata yarinyar da ke goye a bayana ba.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane taurin kaina. Ina shekara bakwai mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ta bi shi da damina. Talauci kuwa tun suna da rai mun san shi, don dusar gero muke damawa mu sha. Ana zaman makoki wata mata ta zo tana kuka tana birgima, wai ita gwaggona ce, ni ɗiyarta ce, ba za ta bar jininta ya wulaƙanta ba. Aka ba ta ni. Ta tsallaka da ni Ƙonni ta Nijar, na yi shekara huɗu ina talla da wanke-wanke, ina kwana gefen murhu. Ashe ba ta haɗa komai da mu ba. Da na gudo, wata tsohuwa mai sharar coci ce ta tsince ni a bakin tasha, ta yi mini wanka, ta raba tuwonta biyu. A hannunta na san Yesu, a hannunta kuma na yi alkawarin muddin ina da ɗaki maraya ba zai kwana waje ba. A shekarar da nake ba ku labari yara shida ne a gidana, da sana'ar masa nake ciyar da su.

Ta bakwai ɗin mai unguwa ne ya aiko mini da ita. An tsince ta ranar kasuwa kusa da kara, inda ake cinikin shanu, ba ta fi shekara ɗaya da rabi ba. A makon ne 'yan bindiga suka watsa wasu rugage, mutane suka fantsama, wasu Nijar wasu nan. Aka yi cigiya a masallatai da coci, shiru. Kowa ya ɗauka iyayenta sun mutu. Wata biyar tana hannuna, ba ta barci sai a bayana, ni kuma zuciyata ta riga ta sa ta cikin nawa.

Ranar Talatar nan da hantsi mai unguwa ya yi sallama, tare da wani dattijon Bafulatani mai sanda da wata matashiya da ta ja mayafi har goshi. Ya ce, "Uwam marayu, ga masu ɗiya sun taho. Wanga kakanta na, uban babanta. Babanta ya rasu cikin harin."

Na dubi matar na ce, "Ke kuma hwa? Ke kinka haihe ta?"

Ta sunkuyar da kai. Sai da na maimaita sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ɗiyag gidanmu ta."

"Mi sunanta?"

Ta ƙara jan mayafinta. Dattijon ya buɗe baki zai amsa, na ce ba shi na tambaya ba. Ina da zafi, ban musa ba, kuma ranar zafin ya hau ni sosai. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, wadda ba ta san sunan ɗiya ba, ko kallonta ba ta yi ba, ba ni ba ta ita. Ni an taɓa ba da ni haka."

Kafin a jima mutane sun taru. Na ji wani daga baya yana cewa Kirista ta riƙe ɗiyar Musulmi, coci za ta kai ta. Wani ya amsa masa. Da maƙwabtana lafiya muke zaune, suna cin masata ina cin naman layyarsu, amma na san irin wannan magana ba ta daɗewa kafin ta zama duwatsu. Yarana shida suna leƙowa ta bayan ƙyaure. In na ba da ita, wataƙila na miƙa ta ga irin gwaggon nan tawa. In na hana, ban san abin da zai sami gidan ba kafin azahar. A zuci na ce, Yesu, ka nuna mini, ni ban gani.

Sai yarinyar ta yi tari a bayana, irin tarin da ke sarƙe yaro. Kowa ya juyo ya dube ta, ban da matar. Ita idonta na kan akuyata da ke ɗaure, amma na ga jikinta ya zabura, hannunta ya fito daga mayafi ya tsaya a iska, sannan ta mayar da shi da sauri ta saci kallon dattijon.

Nan kunya ta rufe ni. Ɗiyar fari ce. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, balle a gaban surukinta. Ni da aka haifa a garin nan na san haka sarai, tsohon ciwona ne ya rufe mini ido. Wadda ta zo sata da kuka take zuwa, tana ihun ɗiyarta ce. Na gani da idona.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ita mu shiga ɗaki, mu biyu." Mai unguwa ya ɗaga hannu, hayaniyar ta ɗan lafa.

Ina sakin labule matar ta zube ƙasa. Ta kama ƙafafun yarinyar tun tana bayana, ta manna su a fuskarta tana kuka ba sauti. Ta ce, "Inna, duba ƙafar hagu. Garwashi ta taka tana koyon tafiya." Ban duba ba. Kullum ina shafa wa tabon nan mai. Ta gaya mini suna gudu ne ta miƙa ta ga ƙanwarta, ƙanwar kuma har ranar ba a gan ta ba. Wata biyar tana bin kasuwanni a ƙafa. Na sake tambayar sunan, a hankali wannan karon. Ko a ɗakin ba ta iya faɗa ba, sai ta ce sunan uwar mijinta ne.

Na kwance goyon da hannuna na ɗaura mata. Yarinyar ta yi ta miƙo mini hannu tana kiran Mama, na juya na fuskanci bango har suka fita. Taron ya watse kamar ba a yi ba. Ranar ban iya hura wuta ba, babbar cikin yaran ce ta yi mana girki.

Shekaru sun wuce, yara da yawa sun shiga gidan nan sun fita. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wahalar da na sha ita ta sa na buɗe wa marayu ƙofa, amma in ban kai ta gaban Ubangiji kullum ba, ita ce za ta riƙa yanke mini hukunci. Yaran nan amana ce ya ba ni, ba nawa ba ne. Ni da ake kira uwar marayu, saura kaɗan in mayar da mai uwa marainiya.