Harafi Uku na Yaya Asabe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Asabe, har yau littafinta na cikin jakata. Harafi uku ne a shafin ƙarshe: A, s, a. Iyakar inda ta kai ke nan a koyon rubuta sunanta.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. A unguwar Al Sabkha, can ƙasar Larabawa, muka haɗu, matan Kano biyu da jari ya karye musu, ba fuskar komawa gida. Ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta ba mu katifa da abinci, amma da sharaɗi: kullum da safe a dangwala yatsa, a wuce sito ɗaure kwalaye. Wadda ba ta dangwala ba, ba ta da kwano ranar. A daidai lokacin kuma wata malama Bazazzagiya ke koya wa manya karatu kyauta a ɗakinta.

Yaya ta roƙi awa biyu kacal. Shugaban ya kwashe da dariya: "Hajiya, boko da furfura? Yalla, a je sito, mu ba ma ciyar da malalata."

Ta ce, "Alhaji, kwalin ne zai karanta min takardar da kake sa ni dangwalawa?"

Ya ce khalas, magana ta ƙare. Mai ciwon suga ba ta wasa da yunwa, sai ta koma sito. Ni na zaɓi aji, ita ta riƙa raba kwanonta biyu tana ajiye min rabi. Yau ni ke rubuta sunayen masu kaya a ofishin kago, inda ake aika kaya gida, a unguwar Port Saeed. Ita ta rasu tana bambance kayan mutane da launin tsumman da aka ɗaura.

Shugabannin ƙungiya, ban ce ku kuka kashe ta ba, ajali ne. Amma shekara huɗu tana muku aiki, da me ta fita? Tawada a babban yatsa!

Bayan rasuwarta kunya ta sa kuka janye dokar. Yanzu na ji ranar Juma'a za ku yi taro ku dawo da ita. Mata shida nake koyarwa kafin in tafi ofis, biyu sun fara karanta bizarsu da kansu. Da Yaya na nan, tambayarta ɗaya ce: kwano nawa zan raba wannan karon?

Zan zo taron, zan buɗe littafin a kan teburinku. Ban ƙarasa mata sunan ba, da gangan. Duk wanda zai ɗaga hannu ya goyi bayan dokar, ya fara ɗaukar biro ya cike mata harafi biyun da kuka hana ta.