Ƙwan Zabi A Ruwan Gishiri

Duk damina, da na ga ƙwan zabi a tire a bakin titi, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Bari in gaya maka dalili.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka kawo ni Katsina daga ƙauye, gidan Kawu a Ƙofar Ƙaura, don in yi sakandare. Kawu bai daɗe da zama kansila ba. Zaure cike, tsakar gida cike, kowa na ta Allah ya ja zamanin Alhaji, amma babu mai tambayata ko na ci abinci. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na gidan nan mai cike da mutane ba.

Mu biyu ne aka manta da mu: ni da Kaka, mahaifiyar Kawu, a ɗakinta na can ƙurya.

A makaranta fizis ya tsaya mini a maƙogwaro. Malaminmu ya ba mu aikin gida a kan abin da ke sa wani abu ya taso a ruwa wani ya nutse, da yadda ruwa ke ƙara danna abu idan aka yi ƙasa. Ya ce duk wanda ya faɗi jarrabawar zangon, ya bar ajin kimiyya. Na kai wa Kawu aikin, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kai yaro, ba ka ganin baƙi?"

Na koma ƙurya ina cika ina batsewa. Na tarar da Kaka da ƙwaryar ruwa a gabanta tana gwada ƙwan zabin da ta saya, yadda kowace tsohuwa ke yi: wanda ya nutse mai kyau, wanda ya taso ruɓaɓɓe. Jikanta namiji ne ni, don haka Maigida take ce mini.

"Maigida, wa ya taɓa ka? Zo ka zamna."

Na zauna ina kallon ƙwaryar, sai wani abu da Malam ya faɗa ya dawo mini. Na ɗebo gishirinta na zuba, na yi ta motsawa tana salati. Can sai ga ƙwan da ya kwanta a ƙasa ya taso.

"Ashsha, ruɓaɓɓe ne! Jehwa shi bayan katanga."

Na fasa shi a kwano. Gwaiduwa jawur, lafiya lau. Kaka ta riƙe haɓa, sannan ta yi dariya har da hawaye. Ni ma sai a lokacin na gane: ruwan ne ya ƙara nauyi, shi ya sa ya iya ɗaga ƙwan.

Daga ranar, kullum bayan la'asar na sami ɗaliba. Muka huhhuda gwangwanin madara, ta ga ruwan hudar ƙasa ya fi harbawa nesa, ta ce 'yan boko ba su da aikin yi. Rabin bayanina ba ta fahimta, amma ba ta taɓa cewa in yi shiru ba. Ina yi mata bayani, abin yana zauna mini a kai.

Ranar da sakamako ya fito na ci, da gudu na dawo, ko takalmi ban cire ba. Na tarar ana shafa wa ɗakinta fenti. Matar Kawu ta ce baƙin Alhaji sun yi yawa, ana son ɗakin, da hantsi mota ta mai da Kaka ƙauye. Ƙwaryar na kife a bayan randa. Na tsaya da takardar a hannu, gida cike da jama'a, na rasa wanda zan nuna wa.

Kafin hutu ya zo, Allah ya yi mata rasuwa.

Yau ni ke koyar da fizis, kuma ƙwai a kiret ake sayensa, ba mai gwadawa. Duk shekara ina shiga aji da ƙwarya da gishiri. Idan ƙwan ya taso yara su yi ta tafi, ni kuwa sai in juya ga allo, in daɗe ina gogewa.