Muryar da Ke Kai Inna Ɗakin Baba

Shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da Baba, a wani sabon asibiti na nan Lafia aka ba shi gado. Gini ne hawa-hawa, kowane lungu kamar ɗan'uwansa, ƙofofi duk iri ɗaya. Inna ta yi rayuwarta tana saro gishiri daga Keana, ba ta taɓa ɓata a kasuwa ba. Amma ranar farko da ta je ita kaɗai da kwanon kunu, ɗakin haihuwa ta faɗa, daga nan sai wajen ɗaukar hoton ƙirji. Kafin ta iske Baba kunun ya huce. Ta dawo gida unguwar Akurba tana faɗa, wai gidan tururuwa aka gina wa marasa lafiya.

Ni kuwa ina koyarwa a firamare, ba na samun zuwa sai an tashi. Wata nas ce ta nuna mini wata alama a bakin ƙofa. In ka haska ta da waya, sai taswirar ginin ta fito, da kibiya, da muryar mace mai yin Hausa. Na saka wa Inna a wayarta, na saita ɗakin Baba, ya zama wuri ɗaya kawai za ta taɓa.

Da fari ta ƙi. Ta ce ba ta bin umarnin wadda ba ta san iyayenta ba. Amma ba a jima ba ta saba. In muryar ta ce ta juya dama, sai ta amsa, "To, 'yar nan." Baba ya ce tun daga nesa yake jiyo su suna tahowa su biyu, har ya fara tambaya ko baƙuwar ta karya kumallo. Dariyarsa ta ƙarshe da na gani a kan wannan ce.

Wata safiya muryar ta kai ta har bakin gado, ta tarar an yaye zanen gadon, ba Baba. Jikinsa ya rikice da asuba, an mayar da shi ɗakin kulawa ta musamman a wani hawa. Ma'aikaciyar da ke wurin ta yi mata kwatance a gurguje, ta koma kan wani mara lafiya. Inna ta fito ta rasa gabas da yamma. Ta kira ni ina tsakiyar aji. Na ce ta danna hoton makirufo ta faɗi sunan ɗakin. Sunan na Turanci ne, bakinta bai iya shi ba. Ina jin wayar tana ta cewa a sake faɗa, Inna tana sake faɗa, har ta fara kuka.

Sai wata mata ta karɓi wayar. Da Hausarta ta 'yan ƙabilar Eggon ta ce mini in kwantar da hankali, ita ma mijinta tana jinya. Ta faɗa wa wayar sunan ɗakin, kibiya ta fito, ta riƙe hannun Inna suka hau bene tare.

Na tari keke-napep, amma kafin in isa Allah ya karɓi abinsa. Na iske Inna zaune a ƙasa a bakin ƙofar, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Na same shi da rai," in ji ta. "Ya buɗe ido ya gan ni. Na yi masa kalmar shahada, leɓensa ya motsa."

Na nemi matar in yi mata godiya, ta riga ta koma wajen nata. A ruɗen ranar ban bi ta ba.

Da Inna ta fita takaba, ta ƙulla gishiri a leda, na hannunta mai kyau, ta ce in raka ta asibitin mu kai wa matar nan. Muka zaga ɗakin maza gado-gado. Ba mu san sunanta ba, ba mu san na mijin ba, ba wanda ya gane wadda muke nufi. Wata nas ta ce wataƙila an sallame su. Inna ta ce Allah ya sa da ƙafarsa ya fita.