Ummul Khairi, Wadda Na Yi Wa Hassada Shekara Goma Sha Ɗaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Ummul Khairi, sakatariyar ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa a nan Damagaram, bayan jinyar sati biyu. Ni ce shugabar ƙungiyar, ni ce kuma ta fi kowa yi mata hassada. Gara in faɗa da bakina, tunda kowa a biro, wato ofishinmu, ya sani.

Ummul Khairi, na same ki a biron nan ina ɗauke da digiri biyu, ke kuwa iliminki bai wuce na koleji, wato ƙaramar sakandare, ba. Da farko wasiƙu kawai na ba ki, ina tsaye a kanki ina gyara waƙafi. Kika haƙura wata uku, sannan kika ce, "Madam, aikin nan kin ba ni shi ne, ko aronsa kika ba ni? Ki faɗa mini inda kike son a isa, ki bar mini hanyar." Na ji haushi, na kuma bar miki. Daga wasiƙu aka kai ga karɓar baƙi, daga nan littafin ranakun taro, har hatimi ya koma aljihun teburinki. Na samu lokacin yin tunani irin na shugabanni. Abin da na fi tunani a kai shi ne ke.

Manomi zai taso daga Gaffati, ya wuce ƙofata mai ɗauke da sunana, ya zauna a bencinki. Kin san wanda matarsa ta haihu, kin san wanda sansa ya mutu. Ɗan kasuwa daga Kano zai kira, in ɗauka, ya ce, "Hajiya, don Allah a ba ni Inna Ummu." Ni kuwa in miƙa miki wayar kamar 'yar aike.

Akwai wata ɗabi'arki da na raina. Da damina ta ƙarato, ba kya rubuta ranar taro da bik mai tawada, sai da kiriyo, wato fensir, don ki iya gogewa. Kowace safiya kuma sai kin kira wata tsohuwa a Dogo, wata a Droum, kuna ta gaisuwa. Na ɗauka hira ce da wayar ƙungiya. A daminar 2019 za mu kai wasu baƙi daga Yamai taro da mata manoma a Dogo. Na ce wannan karon ni zan shirya, ba don kin taɓa yin kuskure ba, sai don ba ki taɓa yi ba. Na karɓe littafin, na rubuta ranar da bik. Da safen kika leƙo kika ce, "Madam, kin tambayi Dogo ko sun samu ruwa?" Na ce ni ba ma'aikatar yanayi ba ce.

Mun isa muka tarar da kujeru sittin da akuya ɗaya. An yi ruwan shuka, gari duk yana gona. Ina tsaye ina neman ƙasa ta tsage, sai na ji kina ce wa baƙin, "Madam ta ga gara ku ga shuka da idonku da ku ji labarinta a inuwa." Kika ja su gona. Har yau suna yabon hikimata a rahotanninsu. Ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa gode miki ba. Washegari na ajiye littafin a teburinki, kika ce, "Sannu, Madam," kika ɗauki kiriyonki. Har wannan shirun na yi miki hassadarsa.

Ranar sadakar uku, matan Dogo suka cika gidanki a Birni. Tsohuwar da kike kira, Baba Delu, ta kama hannuna ta dube ni. "'Yar nan, ke ce yarinyar da ke aiki a wurinta?" Wata ta taɓa ta, tana raɗa mata cewa ai Madam ce. Shekara goma sha ɗaya ina jiran wanda zai gyara irin wannan kuskure. Na ce, "Ku bar ta. Ni ce, Baba."

Ta ce, "To ki riƙe abin da ta koya miki." Na karɓi lambar wayarta.

Allah Ya jiƙan ki, Ummul Khairi, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya yafe mini abin da na ɓoye miki a zuci. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Tahiru, da 'ya'yanki Fati da Yakuba, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ramlatu Gambo, Damagaram